Ranar da Magaji Ya Ce a Cike Rijiya

Na daɗe a harkar siminti da kwangilar rijiyoyi, na ga abubuwa iri-iri, amma ban taɓa mantawa da safiyar da na isa wata tunga can yamma da Gummi da mota cike da siminti, na tarar da mazan garin sun kewaye rijiyar da nake haƙa musu, kowa da fartanya da kwando, suna shirin mayar da ƙasa cikinta. Mutanen da ƙishirwa ta dama ne, kuma su da kansu suka roƙi a yi musu rijiyar. Ba zan faɗi sunan tungar ba. In kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ji dalili.

A ranin 1984 ne, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Damina ta yi gardama, tafkuna sun ƙafe da wuri, sojoji kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowa na taka-tsantsan da duk wanda ya zo da motar gwamnati. Ku da kuka tarar da ni a shago kuna zaton da siminti na fara. A'a. Da sayen garin zinariya na fara, ina saurayi, ina bin kasuwannin Anka da Bukkuyum da ɗan sikeli a aljihu. Wannan sana'a ta koya mini cewa mai saye na ainihi ba ya nuna yana so. In ka ga mutum yana kushe kaya amma ya ƙi tashi daga wurin, to ka riƙe kayanka da kyau.

Bari in bayyana yadda aikin yake, don waɗanda ba su taɓa tsayawa bakin rami ba. Ƙaramar hukuma ce ke ba da kwangila, ni ne mai kwangila. A ƙarƙashina akwai shugaban haƙa, shi ke shiga ciki da dagi da diga. Sai masu jan ƙasa da guga, sai magini mai zuba siminti. Zurfi da gaba ake auna shi, wato tsawon hannu biyu a miƙe. Ba duk jikin rijiya ake wa siminti ba a irin kwangilar lokacin, sai baki da kuma inda yashi ke zubowa. Inda laka ta kama kanta, haka ake barin ta. Kuma kowace safiya, kafin mutum ya shiga, sai an zura fitilar aci-balbal tana ci. In ta isa ƙasa da wutarta, a shiga. In ta mutu a hanya, iskar ramin ta ɓaci, sai a ɗaure ganye a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sauya.

Shugaban haƙana a wannan aiki Mamman Dogo ne, mutumin Bagega. Da damina manomi, da kaka mai wankin ƙasar zinariya, da rani mai haƙar rijiya.

Mun yi nisa da aiki sai aka turo mini baƙo daga ofishin ƙaramar hukuma. Dokta Isiyaku, malamin jami'a mai nazarin duwatsu, ɗan siriri, Hausarsa ta Zariya. Buƙatarsa ba ta da wuya. Duk rabin gaba da aka haƙa, a ɗibar masa laka cikin tafi biyu, a zuba a ƙaramar leda, ya rubuta zurfin a jiki. Kada a haɗa ta sama da ta ƙasa ko da kuskure.

Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce wannan ƙasa duk teku ce a wani zamani, tun kafin ɗan Adam ya taka ta, kuma ƙananan halittun tekun yake nema.

Na ce to. A raina na ce wannan sabon salon neman zinariya a ɓoye ne. Na ji masu cewa maganin gargajiya suke nema, na ji masu cewa ƙasar tukwane, amma mai neman teku a yammacin Gummi ban taɓa ji ba. Sai na gwada shi yadda ake gwada mai saye.

Na ce, "Dokta, in duwatsu kaka so, bari in kai ka wajen Anka. Na san ramukkan da ba kowa ya san su ba."

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, dutsen Anka da Bukkuyum ya girmi abin da nake nema nesa ba kusa ba. Babu halitta ko ɗaya a cikinsa. Ko kyauta ka ba ni ba ni da inda zan kai shi."

Mutum ya ƙi a kai shi ramin zinariya kyauta. Ko dai bai san duniya ba, ko kuma ya fi ni saninta. Na ba shi izini ya zauna, na kuma ce wa Dogo ya sa masa ido.

Kwanaki yana tsugune gefen rami da rariyoyinsa na ƙarfe, yana wanke laka a kwano. Dogo ya zo ya same ni, ransa a ɓace.

"Alhaji, wanga mutum bai iya wanki ba. Mu mai nauyi muka riƙewa mu zubda mai sauƙi. Shi laka yaka zubdawa, shi tattara ɗan tsakin da ko kaza ba ta so. Ko dai mahaukaci na, ko akwai abin da ba mu gani ba."

Na ce, "Ci gaba da kallo."

Da muka wuce gaba goma sha wani abu, ƙasa ta sauya. Jar ƙasa da farar laka suka ƙare, muka shiga wata baƙar laka mai santsi, tana ɓarewa falle-falle kamar an jera takarda. A wannan safiya fitila ta mutu tun ba ta isa ƙasa ba. Aka yi ta kaɗa ganye kafin Dogo ya iya shiga. Da guga na farko ya fito, Dokta ya wanke laka, ya karkata kwanon a rana, sai ga abu yana ƙyalli a gindinsa, rawaya-rawaya, ƙanana kamar an barbaɗa gishiri. Ya miƙe zumbur ya ce, "Alhamdu lillahi! Ga shi!" Ya zuba a 'yar kwalba ya rufe, ya sa a aljihun gaba.

Bai lura ba, amma ni na lura. Akwai mutanen gari kusan goma a wurin, masu zuwa kullum su leƙa ko an kusa ruwa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Ni ma ban tsaya ba. Na ɗebi lakar a gabansa, don ramin nawa ne kafin ya zama nasa, muka koma gindin wata tsamiya ni da Dogo. Dogo ya wanke ta irin wankinsu, ya duba, ya tofar da yawu.

"Ba ita ba ta. Ƙyalƙyal banza na. Muna samun irinai can, mu watsar."

Na ɗora ƙwaya mafi girma a kan diga na danna da guduma. Zinariya in ka danne ta shimfiɗewa take yi. Wannan ta dagargaje ta zama baƙin gari. To ba zinariya ba ce. Amma hankalina bai kwanta ba, sai ma ƙara tashi da ya yi. Mutum mai digiri ba zai baro Zariya ya zauna cikin rana yana murna da abin da Dogo ke watsarwa ba, sai in abin alama ce ta wani abu da ya fi zinariya.

Da azahar na same shi a rumfar da aka yi masa. Na ce, "Dokta, ni dillali na. Ban hana ka cin riba ba, amma ba a cin riba bisa kaina ina kallo. Hwaɗa min gaskiya."

Bai yi fushi ba. Ya jawo wani madubi mai ƙafa, irin mai ƙara girman abu, ya zuba ɗan tsakin a baƙin faranti, ya ce in sa ido. Na sa. Wallahi sai da na ɗago na sake duba farantin da idona, don in tabbata abu ɗaya nake kallo. Abin da na ɗauka tsaki ne, ashe ɓawo ne na halittu, wasu kamar katantanwa, wasu kamar wuri, wasu kamar zangarniyar gero, kowanne da ɗakuna a jere. Ƙyallin nan kuwa a cikin ɗakunan yake, ya cika su.

Ya ce, "Ka ga abin da Dogo ke yi da fitila kowace safiya? Shi nake yi. Sai dai ramin da nake son sanin iskarsa ya ƙafe tuntuni, ba ni da inda zan zura fitila. Ruwan teku ma yana da iskar shaƙa a cikinsa, wadda muke kira oksijin. Da ita kifi ke rayuwa. Waɗannan halittu da abin da ke cikin ruwa suke gina ɓawonsu, saboda haka ɓawon yana riƙe da shaidar ruwan da suka zauna a ciki. Inda gindin teku ke da iska, za ka same su iri-iri, manya, masu kauri, laka kuma fara. Inda iska ta ɗauke, laka baƙa, su kaɗan, ƙanana. Ƙyallin kuma ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu, ba ya yin haka sai inda babu iska. Yau fitilata ta mutu, shi ya sa na yi murna."

Ya ce in ya koma zai tsince su ɗaya-ɗaya da ɗan jiƙaƙƙen buroshi, a zuba musu asid su narke, a kama iskar da ta fito a auna ta a na'ura. Sai a kwatanta waɗanda suka rayu a saman ruwa da waɗanda suka rayu a gindi. Bambancin da ke tsakaninsu ne zai nuna yadda iskar gindin ta ragu.

Na ce, "Wa ka sayen wanga labari?"

Ya ce babu mai saye. In an san yadda teku ta taɓa shaƙewa, za a gane alamun in za ta sake.

Sai na jefa masa abin da ke cina. Na ce na taɓa jin direbobin tanka suna cewa baƙar laka ita ce uwar man fetur. Ya ce haka ne, irin wannan laka ce ke zama mai in an binne ta da zurfi ƙwarai ta dahu shekaru aru-aru. Amma wannan ba ta dahu ba, kuma siririya ce, babu kamfanin da zai kalle ta.

Na ce, "Na ji. To wagga magana ta fetur, ka bar ta nan cikin rumfa. Ko an tambaye ka, ba ka san ta ba."

Da la'asar na tafi Gummi ɗauko siminti, na kwana can. Da safe na dawo na tarar da abin da na faɗa muku tun farko. Dogo yana zaune a kan katakon da ke gicciye bakin rijiya, ƙafafunsa na lilo a cikin rami, ya ce duk mai zuba ƙasa sai dai ya zuba a kansa. Dokta yana gefe, an tara ledojinsa wuri guda, wani ƙato na tsaye a kansu da sanda. Magaji, wato mai garin, dattijo mai farin gemu da ba ya ɗaga murya, yana zaune a kan buzu.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka shi daɗe, lahiya?"

Ya ce, "Alhaji, ruwa munka roƙa. Kai kuma ka tono muna zinariya."

Na zaci rabo suke so, har na fara shirya yadda zan yi musu bayani. Ashe na yi kuskuren karanta su. Ba sa son ko ƙwaya ɗaya.

Ya ce, "Mun ji abin da anka yi ma mutanen da gwamnati tag ga amfani ga ƙasarsu. Anka auna gonakinsu, anka ce su tashi. Yau malami ya sa kwalba aljihu, gobe mota ta zo da masu awo, jibi soja. Kakannina na kwance bayan wancan dutsi. Ƙishirwa mun san ta, mun san iyakarta. Gwamnati ba mu san inda za ta kai mu ba. A cike ramin, kowa shi manta."

Kun ga inda abin ya tsaya. In aka cike rijiyar, babu wata kwangila da za a sake ba wannan tunga a shekarar, kuma ruwan da ya rage musu wani kududdufi ne a gindin gulbi, tafiyar rabin yini, suna rabawa da shanun Fulani.

Na ce a kira maƙerin garin ya zo da gawayi da zuga-zugi. Na karɓi kwalbar daga aljihun Dokta, na juye a kan guntun ƙarfe a gaban kowa, aka hura wuta. Ba a jima ba wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, na kusa suka ja da baya suna tari. Da aka sauke, ƙyalli ya tafi, sai wani jan gari kamar tsatsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, zinariya wuta ba ta cin ta, kuma ba ta wari. Tambayi Dogo, tambayi maƙerinka."

Maƙeri ya ce gaskiya ne. Magaji ya gyaɗa kai, amma bai ce a ajiye kwanduna ba.

Ya ce, "Wanda ya san yadda aka gane zinariya ya san yadda aka ɓoye ta. Kai kak kawo shi, kai kaz zuba, kai kac ce a hura."

Dokta ya kawo madubinsa ya roƙe shi ya duba. Magaji ya ƙi. Ya ce gilashin da ke mayar da ƙarami babba zai iya mayar da ƙarya gaskiya.

Sai wata tsohuwa ta ratso maza ta zo gaba. Inna Kulu ce, yayar Magaji, ita kaɗai a garin ke kiran sa da sunansa. Ta sa ido a madubin ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Wuri na, Bawa. 'Yan ƙanana. Ko na wasan ɗiya ba su kai ba." Ta juya gare shi. "Kai yaushe rabonka da ɗaukar tulu? Jikokina tun asuba suka tahiya, sai rana ta take su dawo da ruwan da jaki ka shinshinawa shi kau da kai. Ka cike, amma gobe kai ad da tulu."

Aka yi 'yar dariya a ƙasa-ƙasa. Magaji bai kula ta ba. Ya dubi Dokta kai tsaye.

"Malam, tsakaninka da Allah. Cikin wagga laka akwai wani abu, ko mi ƙanƙantarshi, da gwamnati ka iya so?"

Ina tsaye kusa da Dokta. Na ɗora ƙafata a kan tasa na danna. Ya ji sarai, don sai da ya ɗan motsa. Amma ya buɗe baki ya maimaita duk abin da ya faɗa mini a rumfa, har da fetur ɗin, har da cewa ba ta dahu ba kuma ba za ta dahu ba a inda take.

Na ce a raina shi ke nan, siminti ya koma Gummi.

Magaji ya dubi ƙafata, wadda har lokacin ban janye ba. Ya dubi Dokta. Sannan ya ce, "Wanga bai iya ƙarya ba. Da ya iya, da ya bi ƙahwarka. Kai na nika tsoro, Alhaji."

Aka fashe da dariya, har da Dogo a kan katako. Ban ji haushi ba, don na ga ƙofa ta buɗe, kuma aikin dillali shi ne ya shiga kafin ta rufe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ku so kuke a binne baƙar laka kada wani shi gan ta. Ni ma haka. Amma ba sai an binne ruwa tare da ita ba. Zan yi mata siminti tun daga inda ta fara har inda ta ƙare, daga aljihuna. Kowa al leƙa, bango za ya gani."

Dokta ya ce ai dama hakan ya kamata, don in ruwa ya riƙa taɓa wannan laka zai yi ɗanɗanon ƙarfe. Na ƙara da cewa kowace leda a raba ta biyu, rabi ya tafi da Dokta, rabi ya zauna wurin Magaji, yadda muke yi in an sayi kaya a kan samfur. In wata rana abin ya zama dukiya, shaidarsu na hannunsu. Na zaci Dokta zai yi gardama, sai ya ce su ma haka suke yi a jami'a, kullum ana ajiye rabi.

Magaji ya kawo nasa sharaɗin, cewa kada sunan garinsa ya shiga kowace takarda. A nan ne Dokta ya ɗan turje, don aikinsu yana buƙatar a san inda aka ɗebo abu. Daga ƙarshe suka daidaita a kan zai ba rijiyar lamba, ya faɗi nisanta daga Gummi. Ni ma aka sa na yi alkawari, shi ne nake riƙe da shi har yau.

Muka ci gaba da haƙa. Baƙar lakar ba ta fi gaba biyu ba, muka koma fara, sannan muka faɗa yashi mai ruwa, garai-garai. Inna Kulu ce ta fara sha. Ta kurkure baki, ta haɗiye, ta ce da Magaji ya matso ya ɗanɗana fetur ɗinsa.

Bayan shekara biyu Dokta ya biyo ta shagona. Ya ce awon ya nuna abin da ya zata. Gindin tekun ya shaƙe na wani dogon lokaci, sannan iska ta dawo, halittu suka sake yawa, duk a cikin wannan gaba biyu da Dogo ya fasa da dagi. Na tambaye shi ko an biya shi wani abu a kai. Ya ce an buga a mujalla. Na dube shi da kyau, irin duban da nake wa mai saye, ban ga komai ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa, shi ne wannan. Zargi ba laifi ba ne a sana'armu, da shi muke cin abinci. Amma kafin ka amsa zargin mutum, ka gano me yake tsoro. Ni na zo da amsar masu kwaɗayi, alhali mutanen nan tsoron tashi suke yi. Kuma ku sani, wuta da guduma sun tabbatar ba zinariya ba ce, amma ba su ne suka ceci rijiyar ba. Maganar da na so a ɓoye ce ta cece ta. Duk da haka ba zan yi muku ƙarya ba, in yau aka sake, zan sake taka masa ƙafa. Ni dillali ne, shi malami, kuma rijiyar ta buƙaci mu biyu.

Motar masu awo ba ta taɓa zuwa tungar ba. Magaji ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Shekaru bayan haka na ratsa ta can, na sha ruwan rijiyar, sabon Magaji ya ja ni cikin zaure. Ya sauko da wata tukunya daga saman azara, ya buɗe. Ledojin ne, sun bushe sun yi tauri, rubutun Dokta ya kusa gogewa. Ya leƙa waje ya tabbata babu kowa, sannan ya rage murya.

"Alhaji, tsakaninmu. Hal yanzu ba ta yi kuɗi ba?"

Na ce masa ba ta yi ba. Na kuma ce ya mayar da ita inda take, kada ya zubar.